Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni ko na fi Allah iya riƙon yara

Assalamu alaikum Alhaji, da fatan an wuni lafiya.

Ranar taron iyayen yara na Islamiyyarmu, bayan na gama bayani kan iyaye su rubuta wanda zai riƙe musu 'ya'ya in ciwo ko hatsari ya kwantar da su, ka miƙe a gaban jama'a ka ce wai Barista kin fi Allah iya riƙon yara ne, ko dai kasuwa kike nema wa lauyoyi, ai mu nan Jos yaro ba ya rasa mai riƙo tunda dangi ne da shi. Kana rufe baki aka kira la'asar, ban samu na amsa ba, kuma maganar ta zagaya unguwa har ta kai kunnen mahaifiyata. Tunda a fili ka yi, a fili zan amsa.

Batun kasuwa ba zan daɗe a kai ba, duk wanda ya taɓa zuwa wajena kan maganar marayu daga Rikkos zuwa Gangare ya san ban taɓa karɓar ko kwabo ba, a tambaya a ji.

Abin da ya ƙona min rai shi ne ka jingina min raina ikon Allah. Alhaji kai ka girme ni ka kuma fi ni karatu, ka san aya ta 9 a Suratun Nisa'i da ke cewa waɗanda za su bar zuriya masu rauni a bayansu su ji tsoro, ka san aya ta 6 da ta ce in za a miƙa wa marayu dukiyarsu a kafa shaidu, ka san hadisin Ibnu Umar cewa bai kamata Musulmi mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai akwai wasiyyi, wanda uba ke naɗawa ya kula da dukiyar 'ya'yansa ƙanana, akwai kuma jerin masu haƙƙin reno, uwa sannan kaka ta wajen uwa haka har ƙasa. To in malamanmu sun tsara wannan tun kafin a san wani abu wai shi lauya a ƙasar nan, ta ina ni na zama mai ja da ƙaddara don na ce a rubuta?

Kuma ni ba ma mutuwa na fi magana a kai ba. Mutuwa tana da tsari, a yi sadakar uku a je kotu a raba gado. Wanda ya faɗi ya shanye ɓarin jiki fa, ko yake kwance a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, bai san wanda ke kansa ba, ko masu garkuwa suka ɗauke shi a hanya? Yana raye, ba a raba gadonsa, wasiyyarsa ba ta fara aiki ba, amma ba zai iya sa hannu a komai ba. Na ga gida ɗaya haka, matar ta riga ta rasu wajen haihuwa, mijin direba ne ya faɗi a tasha baki ya karkace. Kuɗinsa na banki, ƙaninsa ya je da katin shaida yana cewa ai shi aka rubuta a matsayin magaji a fom, banki suka ce wannan sunan na wanda za a kira ne in wani abu ya faru, ba ya ba ka ikon cire ko sisi, kuma gaskiyarsu ce. Kafin zango ya ƙare an kori yaran daga makaranta, aka raba su gida uku, babbar mai shekara goma sha ɗaya na gan ta da idona da farantin gyaɗa a ka a Farin Gada. Dangi fa suna nan Alhaji, kowa jira yake wani ya fara.

Abin da na ce a yi ba shi da yawa. Miji da mata su zauna su zaɓi mutum, su tambaye shi ya yarda, a sa na biyu ko da na farkon ya gaza, a rubuta a sa hannu gaban shaidu, dangin ɓangare biyu su sani tun ana lafiya. Takardar ba ta ɗaure hannun alƙali, don Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 abin da ta sa a gaba shi ne maslahar yaro, kuma kotu na iya naɗa mai riƙo, amma alƙalin da ya ga abin da iyaye suka rubuta da hannunsu ba zai yi lalube a duhu ba. Na kuma ja kunne kan takardar wakilci, wadda mutum ke ba wani ikon yin abu a madadinsa, da mutane ke dogara da ita, tana aiki ne muddin mai bayarwa na cikin hayyacinsa, hankali na gushewa ko rai ya fita ta faɗi, shi ya sa na ce kuɗin makaranta da na abinci a ajiye su a asusun haɗin gwiwa da kowane cikin masu asusun zai iya cirewa. Takardun haihuwa da na fili da na fansho kuma a haɗa su wuri ɗaya wani amintacce ya san inda suke.

Garin nan da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, ya ga bam ɗin Terminus a 2014, mu ne za a ce wa iyaye ba sa fita da safe su kasa dawowa? Ka fi ni sanin gidajen da abin ya shafa.

Zan faɗi abin da ke raina, ka yi haƙuri in ya yi zafi. Na lura duk sanda aka ce a rubuta, waɗanda suka fi tada jijiyar wuya su ne waɗanda aka saba kira su sasanta a zaure ba takarda ba shaida. Ban ce ka ci haƙƙin kowa ba, amma an sayar da gidajen marayu a unguwar nan dattawa na zaune, ban ji wanda ya miƙe a taro ya tambayi baffan yaran ko ya fi Allah ba, sai ni da na ce a kare su. Shugaban makaranta ya ba ni lokaci a taro na gaba, zan zo da samfurin takardar kyauta, ina roƙon ka zo da malamin da ka yarda da shi a karanta ta layi-layi a gabansa, in akwai inda ta saɓa wa shari'a ya nuna.

Wassalam, 'yarka Barista.