A Daina Sayar wa Yara Taba Kara-Kara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan wani abu da muka saba gani a unguwanninmu har ya daina ba mu mamaki. Shekaranjiya da daddare a Fagge, ina zaune a teburin mai shayi, na ga wani magidanci ya aiki yaron da bai wuce shekara goma ba ya sayo masa kara ɗaya na sigari, mai tireda kuwa ya miƙa masa ba tare da ko ɗaga kai ba.

Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, domin arahar kara ɗaya ce ke jawo matasa. Hayaƙinta yana haddasa cutar daji ta huhu da ciwon zuciya, har ga matar gida da jaririn da ke shaƙarsa a ɗaki. Shisha ma, wadda samari suke ɗauka ƙamshi ce kawai, taba ce.

Ina kira ga masu unguwanni da limamai su fara zama da masu tireda na layinsu.

Naka,
Wani mai karatu, Fagge, Kano