An yi arba'in da kwana 23, har yau ba a dawo mini da matata da 'yata ba

Assalamu alaikum Hajiya, barkanki da aiki, ke da sauran ma'aikatan wannan fili. Don Allah a sakaya sunana. A Kantin Kwari nake, yaron shago ne ni, kuma kusan duk layinmu ana sauraron shirinki, in aka ji suna an gama da ni.

Jiya na dawo daga Bichi, kuma wallahi tun da na dawo ban runtsa ba. Na tafi da turmin atamfa biyu da sabulai da kayan jarirai, aka ajiye ni a soro kusan awa guda kamar wanda ya zo bara. Daga baya aka aiko wata yarinya ta miƙo mini 'yata. Uwarta ta leƙo, ta ce mini sannu da zuwa daga tsaye, ta koma. Matar da in na dawo kasuwa sai ta karɓi ledar hannuna tun daga bakin ƙofa. Da zan tafi kuma gwaggonta ta sa aka biyo ni da atamfar har bakin titi, wai mai jego ba ta rasa sutura ba.

Wannan gwaggon ita ce matsalata, Hajiya. Ƙanwar mahaifin matata ce, ita ta riƙe ta tun mahaifiyarta ta rasu tana aji uku a firamare. Tun ranar da aka kai kuɗin gaisuwa ba ta ƙaunata, wani ɗan 'yar'uwarta ta so a ba, mai shagon siminti. An ɗaura mana aure bayan babbar salla ta 2023, lokacin an cire tallafin mai komai ya yi tashin gwauron zabo, amma duk da haka akwati huɗu na yi na lefe, ta ɗaga ta ce ba leshi mai nauyi a ciki. Na faɗi wannan ne don ki san irin mutumin da nake fama da ita.

Da ciki ya kai wata bakwai suka aiko a kawo ta goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Na hana, kuma ina da hujja. A wurin awo an ce jininta ya hau, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, aka ce kada ta yi nisa da asibiti. Muna Kurna, asibitin da take awo yana cikin gari. Ban taɓa bari ta tsallake awo ko sau ɗaya ba, ranar da ba kuɗin adaidaita na ara. Wannan ba wanda yake tunawa da shi yanzu.

Naƙuda ta tashi daren Laraba wajen ƙarfe biyu, ba wuta, da fitilar waya na haɗa kayan haihuwa. Maƙwabcina ya fito da adaidaitarsa muka tafi. Ban taɓa sanin haka haihuwa take ba. Mu maza ana gaya mana "an sauka lafiya" ne kawai, mu ce barka. Ina zaune a kan benci a waje ina jiyo muryarta, yarinyar da ko yankan wuƙa ta yi a kicin ba ta yin ƙara. Na karanta duk addu'ar da na iya, har na rasa wacce na fara da wacce na ƙare. Da gari ya waye likita ya kira ni, ya ce kan ɗan bai sauko ba, jininta kuma sai hawa yake, aiki za a yi, in sa hannu. Aka ba ni takardar kayan da zan sayo, aka ce kuma a tanadi jini leda biyu.

To a nan ne suke cewa na gudu. Ban gudu ba, Allah shi ne shaidata. Fita na yi in kira Hajiyarmu, don wane ne zai sa hannu a yanka 'yar mutane bai shawarci mahaifiyarsa ba? Hajiya ta ce a danginmu kaf ba a taɓa yi wa mace aiki ba, ita tara ta haifa a ɗaki da ungozoma, likitocin yanzu saurin wuƙa gare su, in je wurin malaminta a karɓo rubutu tukuna. Sannan kuɗin da ke aljihuna bai kai rabin abin da ke takardar ba, sai na biya ta kasuwa wurin maigidana. Wayata kuma ta mutu, tun dare nake haska ta. Duka-duka bai fi awa biyu na yi ba.

Kafin in dawo ta yi jijjiga. Yayanta ya zo daga Bichi, ban san wa ya kira shi ba, shi ya sa hannu, aka shiga da ita. Ina isowa da jarkar rubutu a hannu ya dube ni daga sama har ƙasa bai ce uffan ba, a gaban mutane. Matata ce fa, Hajiya, wani ya sa hannu a kanta ina raye. Har yau abin yana ci mini rai. Kuma leda ɗaya daga jinin da aka mayar wa asibiti a jikina aka ɗiba, shi ma ba a faɗa.

Bayan la'asar wata nas ta fito da ita a naɗe cikin zanen da na saya da hannuna. Mace ce. Hajiya, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Ba ta fi tsawon damtsena ba, ga gashi baƙi wuluk ya kwanta mata a goshi, ta dunƙule hannu kamar mai shirin dambe. Na kai bakina kunnenta na dama zan yi kiran salla, murya ta ƙi fita. Sau uku ina farawa. Da na kai kunnen hagu don iƙama hawaye ne ke ɗiga a kan zanen, ni da ko ranar rasuwar mahaifina ban yi kuka a gaban mutane ba. Na tauna dabino na shafa mata a baki, ta tsotsa. Ita kuwa uwar sai washegari ta farfaɗo sosai.

Kwana uku da haihuwa idon jaririyar ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka sa ta a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske an rufe mata ido. Gwaggo ta tayar da hankalin ɗakin, wai gasa jinjira ake yi, a ba ta ita ta kai ta gida ta jiƙa mata saiwa. Tun kafin nan ma sai da ta hana a ba ta nonon farko, wai dakashi ne, sai an matse an zubar, nas ta yi mata faɗa ta ce shi ne ma rigakafin yaro na farko. Ni na tsaya a bayan nas ɗin, shi ya ƙara mata haushina. Ranar da aka sallame su ina wurin biyan kuɗi suka ɗauko mota suka wuce Bichi, ko sallama.

Na manta ban faɗi maganar suna ba, kuma ina jin tana ciki. Tun tana da ciki na taɓa ce mata in mace ce za a sa sunan mahaifiyarta marigayiya. Hira ce ta miji da mata, ban rantse ba. Ranar suna da asuba, ga rago na saya bashi, ga goro da alawa, liman ya tambaye ni, kawuna yana gefena, sai na faɗi sunan Hajiyarmu. Uba ne ke da ikon raɗa suna, ko malamai aka tambaya. Kuma da wane ido zan dubi mahaifiyata a ce 'yar fari ta wuce ta? Mu muna kiran yarinyar Ummi. A Bichi kuwa ba mai kiran sunan, "jaririya" suke cewa har yau, wata biyu.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne lafiyarta. Da za a sallame su an ja kunne a gabana: ban da kunun kanwa saboda hawan jini, ban da watsa tafasasshen ruwa a kan ɗinki, ta dawo a duba jininta. Jiya da idona na ga tukunyar wanka a kan murhu da ganyen darbejiya, an wuce arba'in ana ta yi, wai jikinta bai gasu ba. Fuskarta kuma kamar a kumbure na gan ta, ko da yake ban gan ta da kyau ba. Katin rigakafin yarinyar yana cikin durowata a Kurna, allurar sati shida ta wuce, ta sati goma saura kwana bakwai, ban san ko sun kai ta ko'ina ba. In na tambaya sai gwaggo ta ce da can da aka bar ta tana jijjiga ina likitancin nawa yake.

Abokaina a majalisa kowa da tasa. Wani ya ce in kai ƙara Hisba, wani ya ce in tura dattawa biko, alhali ba yaji ta yi ba. Wani ya ce in fara neman aure, da sun ji za su kawo ta da ƙafarsu. Hajiyarmu ta ce in ƙyale su, in sun gaji da ciyarwa za su dawo da ita. Ita ko barka ba ta je ba, ƙafa ke damunta.

Sau ɗaya muka keɓe da matata tun da abin ya faru, a asibiti, daren kwana na biyu. Ta ce, "Ina ta cewa a kira ka. Ina ka je?" Na ce kuɗi na je nema. Ban gaya mata zancen rubutun ba, amma yayanta ya ga jarkar. Kuma gaskiya da na dawo an riga an yi azahar, likita kuwa wajen takwas na safe ya kira ni. Ba ta sake tambayata ba, ba ta kuma sake kallon idona ba.

Don Allah Hajiya ki ba ni shawara, ta wace hanya zan raba matata da wannan gwaggon ba tare da an ce na yi rashin kunya ga surukai ba? Hisbar ta dace, ko in fara tura kawuna? Sannan in akwai malami a filin a tambayar mini, ana iya canza wa yarinya suna bayan an yanka rago, ko sai an sake yanka wani? Kuma in ta sake yi mini waccan tambayar, in faɗa mata Hajiyarmu ce ta aike ni, ko in bar shi a kaina? Ranar Juma'a nake son komawa da katin.

Naku mai sauraro kullum, daga Kurna, Kano.