Bidiyon Waƙoƙin Kantiri na 2003: Ga Nawa Jerin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aiki, na rubuto ne a kan shirinku na tsofaffin waƙoƙi da ke zuwa daren Lahadi. Ina cikin waɗanda ba sa bari ya wuce su, kuma ina jinjina wa mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Sai dai a makon jiya ya yi wata magana da ta tsaya mini a rai. Cewa ya yi waƙar kantiri, wato kiɗan karkara na Amurka, ta kunne ce kawai, bidiyonta ba wani abin kallo in ban da mutum da malafar kaboyi ya jingina da shinge yana kaɗa jita. Ranka ya daɗe, ban yarda ba.

Na san inda maganar ta samo asali. Mu nan ta rediyo da kaset muka san wannan kiɗa. Jim Reeves ya rasu a hatsarin jirgin sama tun 1964, amma muryarsa ba ta bar gidajen rediyonmu ba. Don Williams kuwa, har ya bar duniya a 2017, da yawa daga masoyansa a nan ba su san kamanninsa ba sai hoton da ke jikin kwalin kaset. Haka Kenny Rogers, haka Dolly Parton. Sai muka tsaya cak a wajensu, ba mu ƙara leƙa abin da Nashville, birnin da yake cibiyar wannan kiɗa, ta yi a bayansu ba. Shi ya sa na ɗauki shekara guda, 2003, na jera bidiyon da suka fi burge ni a cikinta, don gani ya kori ji.

Ma'aunina ɗaya ne. Turancin mutanen kudancin Amurka ko wanda ya yi boko sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci wani abu. To idan aka miƙa wa wanda ba ya jin ko kalma ɗaya waya ya kalla, zai gane labarin? Zai ji wani abu a ransa? Idan haka ne, bidiyon ya yi aikinsa. Idan kuwa sai an zauna ana yi masa tafinta, darakta ya ci kuɗin banza.

Wannan ma'auni ne ya fitar da wasu manyan waƙoƙin shekarar daga jerina tun a bakin ƙofa. "It's Five O'Clock Somewhere" ta Alan Jackson da Jimmy Buffett ta yi mako 8 a saman jerin Billboard na kantiri, amma bidiyonta taron mashaya ne a bakin ruwa a Florida, ana ta shewa. Ba abin da zan ce. "Travelin' Soldier" ta Dixie Chicks kuma waƙa ce mai ratsa jiki a kan wani yaro soja da aka tura Vietnam bai dawo ba, sai dai hotonta na dandali ne, suna tsaye suna rerawa. Labarin da ya kewaye ta ya fi bidiyon zafi: ranar 10 ga Maris 2003, ana saura kwana goma a afka wa Iraƙi, jagorarsu Natalie Maines ta faɗa a Landan cewa suna jin kunyar Shugaba Bush ya fito daga jiharsu ta Texas. Gidajen rediyon kantiri da dama suka daina sa waƙoƙinsu, waƙar da ta hau sama ta rikito cikin makonni kaɗan.

Bidiyo bakwai na jera, zan faro daga ƙasa. Na bakwai a wurina "Beer for My Horses" ce, ta Toby Keith da Willie Nelson. An yi ta kamar ɗan gajeren fim: Keith ɗan sandan ciki ne yana farautar wani mai kisan mata, ya je ya ɗauko mahaifinsa da ya yi ritaya, wato Nelson, ya taya shi. Ana gane labarin sarai, kuma tsohon, wanda ya cika shekara 70 a wannan shekarar, ya iya tsayuwa gaban kyamara. Abin da ya ja ta ƙasa shi ne abin da waƙar take kira a yi, a nemo doguwar bishiya da igiya a rataye miyagu. Mu da muka san yadda ihun "ɓarawo!" a kasuwa yake ƙarewa, ba sai an koya mana illar wannan ba.

Na shida "Celebrity" ta Brad Paisley, wadda ke zolayar masu neman suna ta shirye-shiryen talabijin. William Shatner ya fito a alƙalin gasar waƙa mai baƙar magana, Jason Alexander yana ta bala'i a shagon kofi. Ni ta ba ni dariya, amma sai ka san shirye-shiryen da ake kwaikwayo kafin barkwancin ya kama ka, don haka ba ta tsallake ma'aunina da kyau ba.

"Remember When" ta Alan Jackson, wadda ta fito a Oktoban shekarar, ita ce ta biyar. Shi ya rubuta abarsa a kan aurensa da Denise, wadda ya aura a 1979, suka haifi 'ya'ya mata uku, suka taɓa rabuwa na wasu watanni kafin su daidaita. Ba a ɗauko 'yar fim ta tsaya a matsayin matar ba. Ita ce da kanta take rawa da mijinta a hankali, tsofaffin hotunan iyali na wucewa. Ba wata dabara a ciki, kuma ba ta buƙata. Na huɗu kuma "There Goes My Life" ta Kenny Chesney, labarin saurayi ɗan ƙwallo da ya ji budurwarsa na da ciki ya ga kamar duniyarsa ta ƙare, sai ga shi yarinyar da aka haifa ta zama ita ce komai nasa, har ranar da ta loda kayanta a mota ta bar gida. Duk uban da ya taɓa raka 'yarsa tasha ko ya tsaya a ƙofar gida ranar kai amarya zai gane fuskar mutumin nan ba tare da tafinta ba.

A na uku ne nake son mai gabatar da shirinku ya gyara zama, domin ga murya irin wadda kunnenmu ya saba da ita. Josh Turner, ɗan South Carolina, yana da murya mai kauri da zurfi, wadda duk masoyin Don Williams zai karɓa hannu bibbiyu. Ya ce ya rubuta "Long Black Train" ne bayan ya zauna a laburaren jami'ar Belmont yana sauraron tarin waƙoƙin marigayi Hank Williams, tsohon gwanin kantiri. Da ya rera ta a Grand Ole Opry, shahararren dandalin kantiri na Nashville, a Disamban 2001, kafin kowa ya san shi, jama'a suka miƙe tsaye har sai da ya sake. Jirgin ƙasan da ke cikin waƙar jarabawa ce, direbansa Shaiɗan. A bidiyon an ɗauko tsohon jirgi baƙi mai hayaƙi daga gidan tarihin jiragen ƙasa na Chattanooga, aka jera mutane a kan layin dogo, kowa da abin da ya ɗaure shi, jirgin ya taho gadan-gadan ya ratsa su. Direbobin jirgin ƙasa na gaske sun yi kuka da wannan hoto, suka ce zai iya sa masu neman halaka kansu su nufi layin dogo, kuma su ne ake bari da tashin hankalin. Kukansu yana kan hanya, kuma saboda shi ne ban kai bidiyon na biyu ba. Amma wa'azi ne da ko liman zai iya ara.

Tsakanin na biyu da na ɗaya na daɗe ina kai-kawo.

"Concrete Angel" ta Martina McBride a ƙarshen 2002 ta fito, amma a 2003 ta yi tashe, kuma a shekarar ta shiga takarar bidiyo ta CMA, ƙungiyar masu kiɗan kantiri ta Amurka, don haka na ƙirga ta. Wata 'yar ƙaramar yarinya ce ke tafiya makaranta ita kaɗai, da rigar da ta sa jiya, sauran yara na rungume da iyayensu. A aji malamar ta hango tabon duka a hannunta, ta ɗan tsaya, sannan ta wuce. Wannan wucewar ita ce bidiyon gaba ɗaya a wurina. Wani yaro ya zama abokinta, suna hira ta taga da dare, har uwar ta shigo ta kama ta. Ba a nuna dukan ƙiri-ƙiri ba, inuwa kawai ake gani, sai fitilun motar 'yan sanda da ta asibiti, sai maƙabarta. A nan ne ake gane cewa yaron ba mutum ba ne, mala'ika ne da ya zo tafiya da ita. Masu sukar ta suna cewa an matsa wa mai kallo sai ya yi hawaye ko yana so ko ba ya so, kuma da gaskiyarsu, akwai wannan. Sai dai ban taɓa nuna wa wani ita ya tambaye ni me ake cewa ba. Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce, me ya hana malamar magana? Daga nan sai hira ta koma kan 'yar riƙon gidan wane da 'yar aikin gidan wance, waɗanda maƙwabta ke jin kukansu ta katanga suna cewa ba ruwansu.

Duk da haka "Hurt" ta Johnny Cash ce ta ɗaya, kuma ba na jin akwai wata shekarar da za a saka ta ta zo ta biyu.

Waƙar ma ba tasa ba ce. Trent Reznor na ƙungiyar Nine Inch Nails ne ya rubuta ta ya fitar a 1994, yana saurayi, a kan ƙunci da shaye-shaye. Furodusa Rick Rubin ne ya sa Cash ya rera ta a faifansa na 2002, lokacin da ciwo ya riga ya cinye shi. Darakta Mark Romanek ya bi shi har gidansa a Hendersonville, jihar Tennessee, da kuma gidan tarihin da aka gina don adana kayan shahararsa, wanda a lokacin an rufe shi. Bai ɓoye komai ba. Ga allon da ke cewa an rufe, ga kantoci wayam, ga faifan yabo da gilashinsa ya tsage an jingine shi a ƙasa. Sai a yanko Cash yana matashi, dogo, ƙaƙƙarfa, yana taku a dandali, yana hawa jirgin ƙasa, sai a dawo da kai kan fuskar tsoho da bakin da ya karkace. An zaunar da shi gaban teburi shaƙe da abinci irin na sarakai, shi kaɗai, ya ɗaga kofin giya hannunsa na rawa ya kwarara a kan abincin. Duniya budurwar wawa, in ji masu iya magana, ban taɓa ganin an nuna ta haka a minti huɗu ba.

Wannan na gwada shi a kan goggona, wadda ba ta taɓa shiga aji ba kuma ba ta da haƙurin kiɗan Turawa. Ta riƙe wayar nesa da fuska kamar yadda ta saba. Da aka zo inda matarsa June take tsaye a kan matakala tana kallonsa daga sama, sai ta ce, "Ɗan nan, mayar mini baya kaɗan." Na mayar. Ta ce, "Wannan matarsa ce ta gaske, ba ta haya ba. Dubi idonta. Jinya take yi." Na ce, "Haka ne Goggo, amma ita ta riga shi tafiya." June ta rasu ranar 15 ga Mayu 2003, shi kuma ya bi ta ranar 12 ga Satumba, yana da shekara 71. Gidan ma bai tsira ba, gobara ta cinye shi a 2007 ana cikin gyara bayan Barry Gibb na Bee Gees ya saye shi.

Dole in faɗi wani abu saboda masu sauraro: a kusa da ƙarshe an saka hotunan gicciye daga wani fim na addini da Cash ya yi a shekarun 1970, domin shi Kirista ne mai riƙo da addininsa. Wannan ba aƙidata ba ce, kuma wanda zai kalla gara ya sani tun da wuri. Bai hana ni ganin abin da tsohon yake nufi ba, mutum ne da ya ga kabari ya matso yana lissafin abin da ya aikata.

Hujjata mafi ƙarfi a kan maganar mai gabatarwa tana nan. Gidajen rediyon kantiri na Amurka ba su wani damu da sa wannan waƙa ba. Bidiyon ne ya ɗauke ta ya zagaya duniya da ita. Reznor da kansa ya ce da ya kalle shi sai ya ji waƙar ta tashi daga tasa. A bikin MTV na Agustan 2003 kyautar ɗaukar hoto kaɗai aka ba shi, har Justin Timberlake, da ya karɓi ta gwarzon namiji, ya faɗa a bainar jama'a cewa Cash ya fi shi cancanta. A Nuwamba CMA ta ba shi bidiyon shekara, a gaban "Concrete Angel" da "Celebrity" da "Beer for My Horses", sannan Grammy ta biyo baya a 2004. Mai shi bai ga ko ɗaya daga cikin biyun nan ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, a ware dare guda a sa waɗannan waƙoƙi a shirin, a kuma ɗora bidiyon a shafinku na Facebook don masu sauraro su auna da idonsu. Na san akwai waɗanda za su ce 2004 ta fi, saboda "Whiskey Lullaby" ta Brad Paisley da Alison Krauss. To su rubuto nasu jerin, a karanta mana, ina nan ina jira da amsata.

Na gode. Wassalam.

Naka mai sauraro,
daga Tudun Wada, Kaduna