Dan Allah a leƙa mana kangon Husuni Kubwa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki. Na saurari shirinku na tarihi kan Kilwa, naji daɗi sosai, amma wallahi raina bai so yadda kuka tsaya kan babban masallaci kawai kuka bar gidan sarki ba, wato Husuni Kubwa.

Gidan nan Sultan al-Hasan ibn Sulaiman ne ya gina shi a farkon ƙarni na 14 a tsibirin Kilwa Kisiwani da ke kudancin Tanzaniya, shine sarkin da Ibn Battuta, shahararren matafiyin nan ɗan Maroko, ya tarar a 1331, wanda saboda yawan kyauta ake masa laƙabi da Abul Mawahib. A kan tudu yake daf da teku, ɗakuna sun haura 100, da dutsen murjani aka gina, suna saro shi su ƙona wani ya zama farar ƙasa suyi kwaɓi dashi, ga ƙubbobi a rufi, ga filin zaman fada mai hawa hawa, ga kwamin wanka mai kusurwa 8, ga matakala da ke gangarawa har bakin ruwa.

Abinda yafi ɗaukar min hankali shine ƙaton tsakar gidan da ke ɓangaren kudu, zagaye yake da ɗakunan ajiye kaya, kenan sarkin ma ɗan kasuwa ne, ɗakin kwanansa da sito duk gida ɗaya. Zinaren da ake haƙowa a yankin Zimbabuwe ta Sofala, tashar jiragen ruwa da ke Mozambik ta yanzu, yake fitowa ya biyo ta Kilwa kafin ya tsallaka teku, a dawo da yadi da tangaran na Sin, da wannan kuɗin aka tada ginin. Duk da haka ba a daɗe a ciki ba aka watse, masu tonon tarihi ma na ganin ko gama shi ba ayi ba, tun kafin Turawan Fotugal su afka wa garin a 1505 ya riga ya zama kufai.

UNESCO ta saka Kilwa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, daga 2004 zuwa 2014 kuma yana jerin waɗanda ke cikin haɗari, teku na cin gaɓa ganuwa na zubewa, abin na damuna gaskiya. Dan Allah ku ware masa shiri guda, in da hali wakilinku yaje ya ɗauko mana hotuna.

Nagode.
Naku mai sauraro daga Zariya