Amsa ga Hajiyar da ta tambaye ni batun ɗiyarta

Assalamu alaikum, Hajiya.

Ranar da kika bugo waya a shirinmu na lafiya a rediyo, lokaci ya ƙure ban amsa miki yadda ya kamata ba. Kin ce ɗiyarki ta kai shekara 27, ta gama jami'a nan Damagaram, duk wanda ya fito sai ta ƙi, tana cewa ita ba ta taɓa jin sha'awar kowa ba. Kika tambaye ni: sammu ne, namijin dare ne, ko ciwo?

Da farko ki tambaye ta abu ɗaya, ku biyu a ɗaki, ba gaban gwaggonninta ba: da can tana jin sha'awar ta ɗauke, ko tun asali babu? In ɗaukewa ta yi, ku je likita. Ciwon damuwa, cutar maƙoƙo da wasu magunguna kan jawo haka, haka ma cin zarafin da yarinya ta haɗiye ba ta faɗa wa kowa ba.

Amma in tun tasowarta haka take, kuma abin bai dame ta ba, to akwai masu irin wannan halitta. A 2004 wani masani a Kanada, Anthony Bogaert, ya duba amsoshin mutum fiye da 18,000 a Birtaniya, ya tarar kusan 1 cikin 100 sun ce ba su taɓa sha'awar kowa ba. Tun 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba ya lissafa wanda ya san haka halittarsa take cikin marasa lafiya. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu: aya ta 31 a Suratun Nur ta ambaci mazan da ba su da buƙatar mata. Irinsu suna son mutane, suna shaƙuwa, wasunsu har aure suke yi bisa fahimtar juna.

Abin da nake tsoro, Hajiya, shi ne gaggawa. A ɗakin awo na ga amarya da lallenta bai goge ba, an ɗirka mata tsimi da kayan mata iri-iri na Kasuwar Dole, tana kuka tana cewa ita dai a ƙyale ta. Mijin na ganin raini ne, ita kuma tana ganin ita ce mai laifi. Auren bai je ko'ina ba.

Don Allah kada a karɓi sadakin kowa sai da yardarta. In wata rana ta so aure don zumunci ko haihuwa, a bar ta ta gaya wa manemin gaskiya tun kafin a sa rana. In kuma tana son magana da ni, ta zo ita kaɗai.

'Yar'uwarki,
ungozoma daga unguwar Birni