Zuwa ga Mamana, Kafin Ki Tafi Madani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana, ina fata kina lafiya, ke da Gwaggonki da yaranta a Gadarif. Mu nan Maiwurno sai godiya. Innarki ƙafar ta yi sauƙi, har kasuwa take zuwa da kanta.

Daren jiya da muka yi waya, daga muryarki na gane kin yi kuka kafin ki ɗauka. Layi yana ta yankewa, ban samu faɗin abin da ke raina ba, shi ya sa na idar da sallar asuba na ɗauki biro.

An ba ki Kulliyar Tarbiyya ta Hantub, mai horar da malamai, a Jami'ar Jazira da ke Madani, ke kuwa likitanci kika sa a gaba tun kina ƙarama. Na san da ciwo. Yaƙi ya ɓarke a nan Sudan ran 15 ga Afrilun 2023 kina dab da rubuta shahada, jarrabawar gama sakandare, aka yi ta ɗagewa, sai ƙarshen Disambar 2024 kuka zauna jarrabawar, ke a garin da ba naki ba, littattafanki rabi a nan rabi a can. Wadda ta ci da wannan maki a cikin wannan hali ba ta da abin sunkuyar da kai.

Yanzu ga maganar Kawunki na Jidda. Ya ce ki nemi likitanci ta ƙabul khas, shi zai biya. Allah Ya saka masa da alheri, na san har zuciyarsa ya faɗa. Amma ki duba bambancin ƙofofin nan biyu da kyau. Ƙabul am, wanda kika samu, makinki ne ya saya miki kujerar, kuɗin da ake biya a kai mai sauƙi ne, ko buhunan riɗi kaɗan na sayar zan iya rufe shi. Ƙabul khas kuwa kujerar kuɗi ce, kuma ba sau ɗaya ake biya ba, kowace shekara ne har ki gama, likitanci kuma ba ya ƙasa da shekara 5. Kawunki ma'aikaci ne a ƙasar mutane, zamansa yana rataye da iƙama, takardar izinin zama, da mai gidan da yake wa aiki. In aikin ya tsaya kina shekara ta 3, ina za mu sa kanmu? Kujerar Hantub ta tafi, ta likitanci ta gagara. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In yana son taimaka miki, ya saya miki kwamfuta, ya riƙa turo kuɗin abinci. Wannan ko ya yanke, karatu bai yanke ba.

Akwai difloma ta shekara 3, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan da ake karatu daga gida. Hanyoyi ne masu kyau ga wanda aiki ko aure ya ɗaure, ke babu abin da ya ɗaure ki.

Kuma kada ki raina inda aka kai ki. Jami'ar Jazira tun 1975 aka kafa ta, da niyyar ta yi wa mutanen karkara aiki, irinmu ke nan. Hantub ɗin ma tsohuwar makarantar sakandare ce mai suna, a gabashin Shuɗin Nilu daura da Madani, tsohon shugaban ƙasa Numeiri da ɗan siyasa Hassan Turabi duk can suka yi karatu. Kogin da za ki riƙa tsallakawa shi ne wanda ya wuce ta bayan gidanmu. Ki tuna yaran unguwarmu da ke shiga aji ɗaya ba su jin Larabci sai Hausa, malami yana ta magana suna kallonsa. Malama mai harsuna biyun nan, a wurina, ba ta gaza likita amfani ba.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Halinki ne. Kunya gare ki, irin ta kakarki da kika ci sunanta, wadda za ta kwana da yunwa a gidan biki don kada ta ce a ba ta. A gida ado ne. A jami'a kuwa babu wanda zai bi ki ɗaki ya tambayi abin da ke damunki, taimakon yana nan amma a ofis yake zaune, sai wanda ya je ya ƙwanƙwasa.

Ranar da kika sauka, bayan gwajin lafiya da ganawa da malamai da tasjil, wato rajista, ki nemi ofishin Imadar Harkokin Ɗalibai. Su ne iyayenki a can. In kuɗin shekara ya yi mana nauyi, ta wurinsu ake neman a rarraba biyan. Ki faɗa musu gaskiyar halinmu, cewa mun bar gida a 2024, mun dawo mun tarar da rumbu wayam. Ba bara ba ce, don haka aka buɗe ofishin. Wurin kwana kuma, dakhiliyya, ba a hannun kulliya yake ba, yana hannun Sanduƙ, asusun ƙasa na kula da ɗalibai, kuma su ne ke ba da kafala, wato tallafin kuɗi, ga marasa ƙarfi. Ki rubuta sunanki tun ranar farko. Madani ta faɗi a Disambar 2023, sai Janairun 2025 aka karɓo ta, gine-gine da yawa sun sha wuya, saboda haka gado zai yi kaɗan, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Ki tambayi katin inshorar lafiya tun kina da lafiya, ba sai zazzaɓi ya kwantar da ke ba.

Za a haɗa ki da malami mai lura da karatunki. Jazira zango-zango take karatu, kowane zango ana lissafa maki, in ya yi ƙasa a ba ɗalibi gargaɗi. Kada ki jira takardar gargaɗi. Darasi ya fara yi miki duhu, ki je wurinsa a makon.

Abu ɗaya kuma nake so ki riƙe kamar karatun sallah, shi ne tajmid. In wani abu ya taso, rashin lafiya ko rashin kuɗi ko hanya ta rufe, Allah Ya kiyaye, ba a tattara kaya a taho gida shiru. Rubutawa ake a nemi a dakatar da shekarar, a karɓi amsa a takarda, kujera tana nan tana jira. Kin san ɗan Baffanki. Yana shekara ta 2 a wata jami'a kuɗi ya yanke masa, ya ji nauyin faɗa wa kowa, ya dawo gona. Da ya koma bayan shekara 2 an riga an cire sunansa. Har yau in ya ga ɗalibai sun sauko daga mota sai ya kau da kai. Ni ma ina da laifi a ciki, don na ga yaron ya daɗe a gida ban tambaye shi ba, na ɗauka hutu ne. Ba na so in sake irin wannan shirun a kan 'yata.

Za ki tarar da ƙungiyoyin ɗalibai na gari-gari. Ki nemi 'yan wajenmu, manyan cikinsu sun san kowace ƙofa da lokacin da ake buɗe ta. In an tambaye ki daga ina, ki ce Maiwurno da bakinki cike. Kakanninmu sun taso ne bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, suka biyo Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin kogin nan. Siyasar ɗalibai dai ki bar ta ga masu ita.

Kafin ki tashi, ki duba sunanki a shahada da na raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, harafi da harafi, har sunan kaka. Sunayenmu sukan sauya a hannun magatakarda, kuma gyara tun yanzu ya fi sauƙi. Ki yi kwafi uku-uku na kowace takarda, ki ɗauki hotonsu a waya ki turo wa yayanki.

Kuɗin mota da na tasjil zan turo ta Bankak, asusun banki na waya, na Gwaggonki ranar kasuwa. Innarki ta daka miki kuɓewa busasshiya da kuka da yaji, direban da ya kawo wannan takarda yana da ƙunshin. Ki yi istihara a kan maganar Kawunki, sannan ki kira shi da kanki ki yi masa godiya. Abin da kika yanke, ki sanar da ni kafin Juma'a.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare min ke.

Mahaifinki,
Maiwurno.