Wasiƙa daga Memphis ta Amurka, 16 ga Agusta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, na ɗauki alƙalami ne domin in ba ka labarin abin da na gani a daren jiya, tunda kai ne ka fara sa ni sauraron waƙoƙin Turawa a tsohuwar rediyon nan ta zaure.

Tun da magariba nake jigilar fasinjoji zuwa Graceland, gidan shahararren mawaƙin nan Elvis Presley, inda aka rufe titi saboda cunkoso. A gidan ya rasu ranar 16 ga Agustan 1977 yana da shekara 42, kuma a nan kabarinsa yake. Kowace shekara masoyansa sukan kwana a tsaye, kowa riƙe da kyandir, suna bin layi har su wuce ta gaban kabarin. Wata dattijuwa da na ɗauko ta zo ne takanas daga Jamus, tana dogara sanda, ta ƙanƙame kyandir ɗinta a cikin jaka kamar wadda ta ɗauko gwal.

Ranar tana da tarihi mai yawa a wajen masu kiɗa. A cikinta aka haifi Madonna a 1958, a cikinta kuma aka sallami Pete Best daga ƙungiyar Beatles a Ingila a 1962, Ringo Starr ya gaji gangunansa ana dab da samun ɗaukaka. Aretha Franklin, wadda a garin nan aka haife ta, ita ma a irin wannan rana ta rasu a Detroit a 2018, tana da shekara 76.

Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne Robert Johnson, baƙar fata mai kaɗa gita, wanda ya rasu ranar 16 ga Agustan 1938 kusa da Greenwood a jihar Mississippi, yana da shekara 27 kacal. Waƙa 29 kawai aka naɗa masa a faifai, a 1936 da 1937, ya yi rayuwarsa yana yawo gari gari yana kiɗa a bakin titi da wuraren shaƙatawa na talakawa. Daga baya Eric Clapton da Rolling Stones suka ɗauki waƙoƙinsa suka rera wa duniya, domin kiɗan blus na jikokin bayi shi ne uwar da ta haifi rok. Shi kuwa Johnson, wurare uku aka kafa wa alamar kabarinsa, saboda an daɗe ana saɓani a kan inda aka binne shi. Wallahi Yaya, da nake kallon dubban kyandirori jiya, shi nake tunawa, har ƙwalla ta cika mini ido. Ban ce Elvis bai cancanci ƙauna ba, muryarsa baiwa ce, kuma shi da kansa bai ɓoye cewa a wajen baƙaƙen fata ya sha kiɗa ba. Sai dai idan ka saurari yadda Johnson yake jan tsirkiya, za ka rantse mai molo ne yake kaɗawa a ƙofar gida bayan isha'i.

Greenwood tafiyar awa biyu da wani abu ce daga nan, kuma na ƙudurta in Allah ya kai mu baɗi can zan nufa a wannan rana. Zan turo maka waƙoƙinsa ta waya ka ji da kunnenka.

Ka gaishe mini da Inna da Baba da yara.

Ƙaninka.